Kalandar da Aka Shimfiɗa a Bakin Teku: Taswirorin Sifaniyawa da Asalin Sunayen Wurare

Buɗe taswirar da ke cikin wayarka ka nufi yammacin Amurka. Ɗora yatsa a kan iyakar Meziko, ka riƙa jan sa zuwa arewa kana bin gaɓar teku. Sunan da zai fara tarbar ka San Diego ne. Gaba kaɗan ga tsibirin Santa Catalina, sai San Pedro, sai Santa Barbara, sai Point Conception, sai Monterey, sai Año Nuevo, can sama kuma Point Reyes. A ido jerin garuruwa ne da tsibirai da duwatsu, amma in ka ajiye kalandar cocin Katolika kusa da taswirar, za ka ga ranakun tafiyar wani ayarin jiragen ruwa kake karantawa ɗaya bayan ɗaya.

Jagoran ayarin Sebastián Vizcaíno ne, wanda ya taso daga Acapulco ta Meziko a watan Mayun 1602 da jirage uku. Ranar 10 ga Nuwamba ya shiga wata mashigar ruwa mai kyau, kwana biyu kafin ranar tunawa da wani waliyyin Katolika mai suna Diego na Alcalá, babban jirginsa ma San Diego ake ce masa, don haka ba a sha wahalar neman suna ba. Ranar Santa Catalina 25 ga Nuwamba ce, a daidai lokacin suka isa tsibirin. Ranar Santa Barbara 4 ga Disamba. Ranar 8 ga Disamba Katolika ke bikin ɗaukar cikin Nana Maryamu da mahaifiyarta ta yi, wanda suke kira Concepción, nan Point Conception ta samo nata. Da shekara ta juya suka hangi wani tsinin ƙasa suka ce masa Año Nuevo, wato sabuwar shekara. Ranar 6 ga Janairun 1603 kuwa ranar sarakuna uku ce a wurinsu, waɗanda suke cewa sun ziyarci Annabi Isa yana jariri, sarakuna da Sifaniyanci reyes ne, shi ya sa har yau ake cewa Point Reyes.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mu ma in yarinya ta zo duniya ran Lahadi Ladi ce, in ran Talata Talatu, wanda aka haifa ran Juma'a Ɗanjuma, na watan azumi Ɗan'azumi. To ƙasar Dominica da ke tekun Karibiyan Ladi ce sak: Kolumbus ya hango ta ranar Lahadi 3 ga Nuwamban 1493, sai ya kira ta da sunan ranar a Latin. Florida ta samu nata ne a Afrilun 1513, lokacin da Juan Ponce de León ya isa gaɓarta a kwanakin bikin Ista, wanda Sifaniyawa ke kira Pascua Florida, bikin furanni. Veracruz ta Meziko sunan gicciye take ɗauke da shi saboda Hernán Cortés ya sauka can ranar Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye a 1519. Bambancin kawai shi ne mu ɗanmu muke raɗa wa suna, su kuwa ƙasar mutane suke raɗa wa, masu ita na tsaye a bakin ruwa suna kallo.

Domin kuwa babu ɗaya cikin wuraren nan da ba shi da suna tun da can. Mutanen Kumeyaay sun daɗe zaune a inda ake kira San Diego, tsibirin Catalina kuma Pimu ne a bakin mutanen Tongva. Ko a cikin Sifaniyawan ma ba Vizcaíno ne ya fara zuwa ba. Shekara 60 kafin shi, ranar 28 ga Satumban 1542, Juan Rodríguez Cabrillo ya shiga wannan mashiga ya sa mata San Miguel, ya kira Catalina San Salvador. An ma gargaɗi Vizcaíno kafin ya tashi kada ya canza sunan da na gabansa suka riga suka sa. Ya yi kunnen uwar shegu, ya bi gaɓar yana sake suna, yana kafa hujja da cewa bayanan Cabrillo ba su isa a gane wuraren ba. Me ya sa nasa suka zauna, na Cabrillo suka bi ruwa? Cabrillo ya rasu a kan hanya a Janairun 1543, ainihin littafin tafiyarsa ya ɓace, taƙaitawa kawai ta rage. Vizcaíno kuwa ya koma gida da zanen gaɓar, aka ba wani masani a birnin Meziko mai suna Enrico Martínez ya kwafe shi da kyau, aka aika Sifen, matuƙa suka yi ta aiki da shi fiye da shekara 150. Sunan da ya shiga hannun mai kwafi shi ya rayu. In aka riƙe wannan, sauran labarin zai zo da sauƙi.

Masu kwafin nan ofis gare su. A 1503 aka kafa wata hukuma a birnin Sevilla mai suna Casa de Contratación, gidan kula da fatauci tsakanin Sifen da ƙasashen da ta mamaye. Ita ke karɓar rabon sarki daga zinariya da azurfa, ita ke ba da izinin tafiya, ita ke jarraba matuƙa. A 1508 aka ƙara mata aikin ajiye uwar taswira guda ɗaya da ake kira Padrón Real, aka naɗa Amerigo Vespucci shugaban matuƙa don ya kula da ita. Dokar ita ce duk matuƙin da zai tashi ya ɗauki kwafin da aka ɗebo daga uwar, in ya dawo kuma ya zo ya faɗi abin da ya gani: sabon tsibiri, wurin da ruwa ba shi da zurfi, dutsen da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, bakin kogin da za a iya ɗiban ruwan sha. Masana su tace, su shigar cikin uwar. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba, don matuƙa da masu lissafin taurari sun sha yin rigima kan wanda ya fi sanin teku, mai zama a ofis ko mai kwana a kan ruwa. Ita kanta uwar taswirar ba ta kawo zamaninmu ba. Abin da ya rage kwafe-kwafen da aka yi wa ado aka ba manyan mutane kyauta, irin na Diogo Ribeiro na 1529 da ke ajiye a Batikan.

Wanda ya taɓa kallon hoton irin waɗannan taswirori zai lura ba su yi kama da ta bangon aji ba. A kan jemammiyar fata ake zana su. Layuka ne birjik sun fito daga wasu cibiyoyi sun ratsa teku kamar saƙar gizo-gizo, su ne ke nuna wa matuƙi inda zai sa gaba da kamfas. Sunayen kuwa a jere suke reras a bakin gaɓa, an rubuta su suna kallon cikin ƙasa don kada su rufe ruwan da jirgi zai bi, manyan tashoshi da jar tawada, sauran da baƙa. Cikin ƙasar fayau yake, sai dai a cike gurbin da hoton tuta ko aku ko wani sarki a zaune. Mai taswirar ba ruwansa da wanda ke zaune bayan tudu. Abin da ya dame shi inda zai jefa anga da inda jirgi zai fashe.

Mafi tsufa cikin waɗanda suka rage masu nuna nahiyar Amurka ita ce ta Juan de la Cosa ta shekarar 1500. Shi ne mai jirgin Santa María da Kolumbus ya hau a 1492. Akwai wani abin dariya game da ita. A 1494 Kolumbus ya sa mutanensa suka yi rantsuwa a rubuce cewa Kuba ba tsibiri ba ce, gefen nahiyar Asiya ce, kuma duk wanda ya janye maganarsa za a ci shi tara a yanke masa harshe. De la Cosa na cikin waɗanda suka sa hannu. Bayan shekara shida ya zana Kuba tsibiri, ruwa ya kewaye ta ko'ina. A tsakiyar nahiyar kuma, inda ake fatan samun mashigar da za ta kai Asiya amma ba wanda ya gan ta, sai ya manna hoton waliyyi Kiristofa ya rufe wurin, ya huta da gardama. Taswirar ta ɓace ƙarnuka, aka tsince ta a Faris a 1832, Sifen ta saye ta a 1853, yanzu tana gidan tarihin sojan ruwa a Madrid.

Sifen ta ɗauki waɗannan takardu sirrin gwamnati, kuma tana da dalili. A 1681 wani ɗan fashin teku Ba'ingile, Bartholomew Sharp, ya kama jirgin Sifaniyawa mai suna Rosario a gaɓar Kudancin Amurka, ya samu littafin da ya ƙunshi zanen tashoshin tekun Pasifik da yadda ake shiga kowace. Da ya koma Landan aka gurfanar da shi kan fashi, amma littafin ya riga ya isa fadar sarki, an sa William Hack yana ta kwafe shi. Sharp ya fita ba a same shi da laifi ba. Sai dai ɓoyon ya ja wa Sifen wata asara da ba ta hango ba. Tun da ba ta buga taswirorinta kowa ya saya, masu ɗab'i na wasu ƙasashe suka cike gurbin da abin da ya zo hannunsu. Sunan da ya fi kowane girma a yankin, Amurka, ba daga Sevilla ya fito ba. Wani Bajamushe ne, Martin Waldseemüller, ya buga shi a taswirarsa ta 1507 don girmama Amerigo Vespucci. Sifaniyawa sun yi ta cewa las Indias, wato ƙasashen Indiya, na tsawon ƙarnuka, duniya ba ta bi su ba.

Akwai kuma wata matsala ta lissafi da ta sa sunaye suka riƙa yawo. Matuƙin ƙarni na 16 yana iya sanin nisansa arewa ko kudu ta hanyar auna tsayin rana da tsakar rana, ko na tauraron arewa da dare. Nisansa gabas ko yamma kuwa sai ƙiyasi: a kifa agogon yashi duk rabin awa, a kimanta gudun jirgi da ido, a haɗa lissafi. Sarki Filib na Uku har kyauta ya sa a 1598 ga wanda ya warware matsalar, ba a samu mafita ta gaske ba sai a ƙarni na 18 da aka ƙera agogon da teku ba ta rikita shi. Sakamakon haka mutum na iya gano wuri, ya sa masa suna, ya kasa komawa. Álvaro de Mendaña ya taso daga Peru ya isa wasu tsibirai a 1568, waɗanda aka kira tsibiran Solomon da zaton daga nan Annabi Sulaimanu ya samo zinariyarsa. Ya dawo a 1595 ya neme su sama ko ƙasa bai gan su ba, ya mutu a wani tsibirin daban. Kusan shekara 200 sunan yana kai da kawo a taswirori, wannan ya ajiye shi nan, wancan ya matsar da shi can, kafin Turawa su sake gane wurin.

Mu koma wurin Vizcaíno, don shi ma ya bar wa na baya aiki. Monterey kaɗai ce cikin jerin nan ba ta bi kalanda ba. Sunan ubangidansa ne, wakilin sarki a Meziko, mai sarautar Monterrey, wanda ya ɗauki nauyin tafiyar. Abin da ake nema shi ne tashar da jiragen da ke dawowa daga Manila maƙare da siliki za su raɓa su huta, don kafin su ƙetare Pasifik cutar da ke kumbura dasashi ta kada haƙora ta gama da mutane da yawa. Vizcaíno ya san abin da ake son ji, sai ya kambama wurin, ya ce tasha ce da ba iskar da ke taɓa ta. A gaskiya buɗaɗɗen lungu ne. Da Gaspar de Portolá ya biyo ta ƙasa a 1769 yana neman wannan tasha ta ban mamaki, ya tsaya a bakinta bai gane ta ba, ya wuce gaba. Wannan ɓatan kai ne ya kai mutanensa kan wani tudu a farkon Nuwamba, suka hango wani makeken ruwa da ƙasa ta kewaye. Jiragen Sifen sun fi shekara 200 suna wucewa ta ƙofarsa, ƙuncin mashigar da hazo sun ɓoye musu ita.

Sunan da ruwan ya samu ma aro ne. Tun 1595 Sebastián Rodríguez Cermeño ya sa wa wani lungu kusa da Point Reyes suna San Francisco, inda jirginsa San Agustín ya fashe. Da aka ga wannan babban, sai sunan ya zame kudu ya zauna a kansa. A 1775 Juan Manuel de Ayala ya shiga da jirgin San Carlos, matuƙinsa José de Cañizares ya zana taswirar farko ta cikin ruwan. Suka kira wani tsibiri Isla de los Alcatraces saboda tarin tsuntsayen ruwa irin su kwasakwasa da ke kansa. Masana da dama na ganin tsibirin da suke nufi shi ne wanda yanzu ake kira Yerba Buena, wani hafsan sojan ruwan Ingila ne, Frederick Beechey, ya ɗora sunan kan dutsen da ke kusa a shekarun 1820. Dutsen nan ne ya zama shahararren kurkukun Alcatraz. Irin wannan musanya ta faru a Karibiyan ma: Kolumbus ya kira tsibirin Borikén San Juan Bautista, tasharsa aka ce mata Puerto Rico, tasha mai arziki, da tafiya ta yi tafiya sai tsibirin ya zama Puerto Rico, birnin ya zama San Juan.

Fadanci irin na Monterey ya cika taswira. Filifin sunan yarima Filib ne, wanda Ruy López de Villalobos ya sa a 1543. Tsibiran da Magellan ya zaga da sunan tsibiran ɓarayi a 1521, saboda mutanen wurin sun ɗauke masa ƙaramin kwalekwale, an wanke su a 1668 da sunan sarauniya Mariana. Galveston ta Texas daga Bernardo de Gálvez take. Har can Alaska akwai Valdez da Cordova, waɗanda Salvador Fidalgo ya sa a 1790, lokacin da Sifen ke ƙoƙarin nuna wa Rasha da Ingila cewa ta riga su zuwa. Wasu sunayen kuma abin da ido ya gani ne kurum: Tortugas saboda kififiya, Cañaveral saboda kurmin kara, Honduras saboda zurfin ruwa. Wasu buri ne tsagwaronsa. Juan Díaz de Solís ya kira wani faffaɗan bakin kogi Mar Dulce a 1516, teku mai ruwan daɗi, kuma gaskiya ya faɗa. Jita-jitar dutsen azurfa ta sa aka mayar da shi Río de la Plata, kogin azurfa, daga nan Ajantina ta samo suna ta hanyar kalmar azurfa a Latin, alhali azurfar tana can nesa a duwatsun Potosí. Shi kuma Yñigo Ortiz de Retez da ya ga baƙaƙen mutane a wani babban tsibiri arewa da Ostareliya a 1545, sai suka tuna masa da mutanen gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma, ya ce Nueva Guinea.

Amma duk cikinsu babu wanda ya kai Kalifoniya ban mamaki, don ita daga littafin tatsuniya ta fito. A wajajen 1510 aka buga wani littafin jarumta a Sevilla, Las Sergas de Esplandián na Garci Rodríguez de Montalvo. A ciki akwai wani tsibiri mai suna California, mazaunansa baƙaƙen mata ne mayaƙa, babu namiji a cikinsu, ba su da wani ƙarfe sai zinariya, sarauniyarsu Calafia. Sojojin da suka ci Meziko sun san irin waɗannan labarai kamar yadda yaro ya san Gizo da Ƙoƙi. Da suka ƙetara ruwa daga yammacin Meziko a shekarun 1530 suka tarar da busasshiyar ƙasa mai duwatsu, wadda suka zaci tsibiri ce, sai sunan ya manne mata. Ko da fata aka sa shi ko da ba'a, ya zauna. Masana da yawa na ganin marubucin ya ƙera Calafia ne daga califa, wato halifa, ganin cewa a labarin sarauniyar ta je taya Musulmi yaƙi ne. Wannan hasashe ne mai ƙarfi, amma hasashe ne.

Abin da ya biyo baya ya fi sunan daɗin ji. A 1539 Francisco de Ulloa ya bi ruwan har ƙuryarsa ya ga ƙasa ta haɗe, taswirar Domingo del Castillo ta 1541 ta nuna Kalifoniya a manne da nahiya, magana ta ƙare. Sai ga wani limamin coci da ya raka Vizcaíno, Antonio de la Ascensión, ya dawo yana rubuta cewa tsibiri ce. Ra'ayinsa ya isa hannun masu ɗab'i na Holan da Ingila, daga shekarun 1620 suka shiga zana ta a yanke, kowa na kwafar na gabansa, har fiye da shekara 100. Wanda ya fara rusa wannan kuskure wani limamin ne, Eusebio Kino, kuma da ɓawon dodon koɗi ya fara. Mutanen yankin kogin Gila sun ba shi kyautar wasu shuɗɗan ɓawo, ya tuna bai taɓa ganin irinsu ba sai a gaɓar Pasifik ta Kalifoniya. In mutanen da ke tafiya a ƙasa suna samun su, ashe akwai hanyar ƙasa. Ya bi ya tabbatar, aka buga taswirarsa a 1705. Duk da haka wasu masu zane a Turai suka ƙi yarda, sai da Fernando Consag ya sake bin ruwan har ƙarshensa a 1746. Kuskuren da aka buga da kyau a kan takarda ya fi ƙarfin shaidar wanda ya taka ƙasar da ƙafarsa.

Tun da an ambaci halifa, akwai wani zare da mai karatun Larabci zai ji daɗin ja. Granada ta faɗi a Janairun 1492, Kolumbus ya tashi a Agustan shekarar. Mutanen da suka hau jiragen nan sun fito ne daga ƙasar da Larabci ya yi kusan ƙarni takwas a cikinta, sun kuma tafi da sunayen garuruwansu. Kogin da ya ratsa Sevilla, Guadalquivir, alwadil kabir ne, babban kwari. Guadalajara ta Meziko ta gaji sunan wata ta Sifen, wadil hijara, kwarin duwatsu. Guadalcanal da aka gwabza yaƙi a kanta a Yaƙin Duniya na Biyu sunan ƙauyen wani hafsan Mendaña ne, Pedro de Ortega, kuma wadi ɗin nan ne a farkonsa. Hatta Alcalá da ke liƙe da sunan San Diego alƙal'a ce, wato ganuwa ko sansani. Mutanen da suka kori Musulmi daga Andalus su ne suka kai kalmomin Larabci tsakiyar Pasifik, ba tare da sun lura ba.

Sunayen 'yan ƙasa fa? Ba duka suka mutu ba. Kolumbus ya kira Kuba Juana, bai karɓu ba. An kira Jamaika Santiago, Xaymaca ta rinjaya. Haiti ta dawo da tsohon sunanta ranar da ta ƙwaci kanta a 1804. Inda mutane ke da yawa, ko inda baƙo ke buƙatar ɗan jagora ya nuna masa hanya, dole ya faɗi sunan da ɗan jagoran ya sani. Gwamnatin Sifen ma ta gane amfanin haka: a 1577 ta rarraba tambayoyi 50 ga hakimanta na Amurka, cikinsu har da sunan kowane gari a harshen mutanensa da ma'anarsa. Sai dai kunnen baƙo ba ya ji daidai. Bernal Díaz del Castillo, wanda ke cikin tafiyar da Sifaniyawa suka yi zuwa Yucatán ta Meziko a 1517, ya ba da labarin cewa mutanen Maya sun yi ta kiran su da wata magana mai nufin ku zo gidajenmu, su kuma suka mayar da ita sunan wurin, Cabo Catoche. Daga baya Ingilishi ya yi wa Sifaniyanci irin abin da ya yi wa wasu. Cayo Hueso, tsibirin ƙashi, ya koma Key West a bakin masu jin Turanci, sunan da ke da ma'ana a harshensu amma ba ruwansa da ƙashi. A gaɓar Afirka ta Yamma Fotugisawa ne suka yi wannan aiki, su suka bar mana Kamaru daga kogin jatan lande, da Legas, wadda har gobe masu ita ke cewa Eko, mu kuma Ikko.

A nan ne ya kamata mai karatu ya riƙa taka-tsantsan, don babu fagen da ƙarya mai daɗi ke yaɗuwa kamar na asalin suna. Kowa ya ji cewa Yucatán na nufin ban gane abin da kake faɗa ba. Labarin tsoho ne, tun ƙarni na 16 ake ba da shi, amma tun a lokacin ma akwai mai cewa daga sunan rogo ya fito. Haka Venezuela: an ce ƙaramar Venis ce, saboda gidajen da Alonso de Ojeda da Vespucci suka gani a kan turaku cikin ruwa a 1499, kuma sunan yana kan taswirar De la Cosa. Amma Martín Fernández de Enciso ya rubuta a 1519 abin da wasu ke karantawa da cewa mutanen wurin ne ke kiran ƙauyensu da suna mai kama da haka. Bahamas ma ana cewa baja mar ce, ruwa marar zurfi, wasu masana kuma na cewa kalmar 'yan ƙasa ce da ta yi kama da Sifaniyanci. Ni dai in labarin suna ya cika daɗi, nakan tambayi takarda mafi tsufa da sunan ya bayyana a kai, da shekarar da aka fara ba da labarin. In tazarar ta yi yawa, na ajiye shi a jakar tatsuniya.

Takardun nan ba su gama aiki ba. Yawancinsu na ajiye a taskar Archivo General de Indias da aka kafa a Sevilla a 1785, kuma lauyoyi na leƙa su kamar yadda masu tarihi ke yi. Da Filifin ta kai ƙarar Sin kan tekun da ke tsakaninsu, cikin abin da ta gabatar har da taswirar da limami Pedro Murillo Velarde ya wallafa a Manila a 1734, wadda wani ɗan ƙasar, Nicolás de la Cruz Bagay, ya sassaƙa a kan tagulla. Ta nuna wani tudun ruwa da sunan Panacot a yammacin Luzon, babban tsibirin Filifin. Hukuncin da ya fito a 2016 ya fi karkata ga Filifin, ko da yake a kan dokar teku aka gina shi, bai yanke wa ke da mallakar tudun ba. A Amurka kuma, bayan kashe Shugaba Kennedy a 1963, gwamnati ta sauya wa Cape Canaveral suna zuwa Cape Kennedy. Mutanen Florida suka ƙi, suna cewa sunan ya shekara 400 a taswira, a 1973 aka mayar da shi. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin a daina cewa Tekun Meziko a ce Tekun Amurka, ruwan da Alonso Álvarez de Pineda ya fara zana kewayensa a 1519. Google ya bi umarnin ga masu buɗe taswira daga cikin Amurka, ya bar tsohon sunan ga na Meziko, sauran duniya kuma, har da wayar da ke hannunka, ya nuna musu duka biyun.